Yadda Velaphi Ya Ƙara wa Kwamfutar Surukinsa Daraja

A layinmu na Umbilo, nan Durban, akwai wani mutum Velaphi Ngubane, wanda ba a taɓa yin wani abu a duniya bai riga ya san shi ba. In jirgin ruwa ya maƙale a bakin tasha, tun bara ya gaya musu ba su ji ba. In ƙungiyar ƙwallo ta sha kashi, don mai horar da ita bai ɗauki wayarsa ba ne. Aikinsa na gaskiya tsaron sito ne a wani shagon tayoyi, amma tun ranar da ya canza ƙwan fitila a coci, fitilar kuma ta kama, ya raɗa wa kansa Injiniya. Muka bi shi da sunan don mu sha dariya, shi kuwa ya ɗauka girma ne. Gidana yana kallon nasa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Matarsa MaZondi malamar firamare ce, mai haƙuri da ƙarancin magana. Mahaifinta a jiragen ruwa ya ƙare aiki, da ya rasu sai aka kwaso tarkacensa daga garinsu Eshowe aka jibge a garejinsu. Wata Asabar tana share-share ta ci karo da wani tsohon kwali mai tabon ruwa. A ciki akwai wani akwatin katako mai madannai irin na keken rubutu, duk sun yi jawur don tsufa, ga ɗan littafi, ga wasu kaset-kaset.

"Kwamfutar Baba ce," in ji ta. "Wani injiniyan jirgi ya ba shi a Amurka tun ba a haife ni ba. Ko taɓawa ba ya bari mu yi."

"Itacen hura wuta dai," in ji Velaphi. "Ajiye min a gefe."

Ita dai ta ɗauki hoto ta tura wa abokan aikinta. Hoto ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, sai ga wata farar mota ta tsaya a ƙofarsu ranar Litinin. Wani tsoho ya fito, Dokta Ramdin, likitan haƙori mai ritaya, wanda aka ce ɗakuna biyu na gidansa cike suke da tsofaffin kwamfutoci. Da ya ga akwatin sai ya nemi kujera ya zauna. Ya sa safar hannu kafin ya taɓa. Ni ina jingine da shinge, Anti Saroj mai sayar da samosa a gidan da ke gefensu ita ma ta leƙo da fulawa a hannu.

"Dokta, tsakani da Allah," in ji Velaphi, "wane mai hankali ne zai sayi wannan? Wayar aljihuna ta fi ta ƙwaƙwalwa."

"Ta fi ta nesa ba kusa ba," in ji Dokta. "Amma wayarka, yau kaɗai an ƙera irinta dubu nawa? Wannan da hannu aka haɗa ta, 'yan kaɗan aka yi, kamfanin ya mutu, yawancinsu kuma sun tafi bola. Ba aikinta ake saya ba. Kakar wayarka ce, tun lokacin da ba wanda ya yarda mutum zai ajiye kwamfuta a ɗakinsa."

Ya ɗaga murfin a hankali, ya nuna wani rubutun biro a jikin katakon. "Ga sa hannun wanda ya haɗa ta. Ga kwalinta, ga littafinta, ba abin da aka canza. Na shekara talatin ina neman irinta ban taɓa gani ba sai a hoto."

Ya taya rand dubu ɗari biyu nan take. MaZondi ta dafe ƙirji, don rufin gidan mahaifiyarta a Eshowe ya daɗe yana yoyo, tsohuwar har kwanuka take jerawa a kan gado in hadari ya taso. Amma kafin ta buɗe baki Velaphi ya shiga tsakani.

"Dubu ɗari biyu? Dokta, ka ga na yi kama da wanda ya zo birni jiya? Tun da na ɗora ido a kanta na san abin da take."

"Ba itacen hura wuta ka ce ba?" in ji Anti Saroj daga kan katanga.

"Gwada ku nake yi, Anti."

Dokta mutum ne mai gaskiya. Ya ce lallai in an kai ta gwanjo za ta iya fin haka, akwai ma wani gidan gwanjon kayan da da zai yi ciniki ƙarshen wata. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada a goge, kada a wanke, kada a sa mata wuta. Ya faɗa, ya maimaita, yana kallon Velaphi.

Mutanen gwanjo suka zo suka ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, suka ce a ba su ita su ajiye. Velaphi ya ce sam, ya san irinsu, za su zare kayan ciki su sa na jabu. Shi zai kawo ta da kansa ranar ciniki. MaZondi ta shirya ta tafi Eshowe ta sanar da mahaifiyarta, wadda duk muke kira Gogo, a kan za su zo tare ranar gwanjo. Tana shiga mota ta juyo ta kalli mijinta.

"Baban Zinhle, don girman Allah kada ka taɓa."

"Haba MaZondi, ni yaro ne?"

Motar ba ta gama shan kwana ba ya kira ni.

"Gumede, zo ka ji lissafi. In a haka, da ƙura da kashin kyankyaso, an taya dubu ɗari biyu, to in na gyara ta fa? Miliyan, na rantse maka. Masu kuɗin nan wawaye ne, amma ko wawa ya fi son abu mai ƙyalli."

"Injiniya, ba Dokta ya ce kada a taɓa ba?"

"Kai direban bas ne, shi mai cire haƙori ne. A cikinku wa ya san wuta?"

Da wanka ya fara. Ya kawo baho da sabulun wanke-wanke da buroshin haƙorin MaZondi, ya ɓamɓare madannan ɗaya bayan ɗaya ya dirje su, ya shanya su a faranti a kan rufin gareji. Ya shiga ciki shan shayi. Birai kuwa a layinmu ba sa neman izini. Kafin ya fito garke guda ya sauko daga bishiyar mangwaro, kowane ya ɗebi rabonsa. Babban cikinsu ya zauna a kan katanga yana tauna ɗaya, ya ji ba daɗi, ya tofar a kwata.

"Ɓarayi! 'Yan iska! Kuɗi kuke ci!"

Velaphi ya bi su da tsintsiya, daga shi sai gajeren wando da silifa ɗaya. Ya haura katangar Anti Saroj, ya faɗa kan tukwanen barkononta, ya tashi ya hau mangwaro, reshe ya karye da shi. Duk layin aka fito. Matar Fasto tana dariya har da riƙe ƙarfen ƙofa. Da ƙura ta lafa, abin da ya tsira daga madannan bai cika tafin hannu ba.

"Ai sun taimake ni," in ji shi, yana ɗingishi. "Da ma na yi niyyar canza su."

Washegari ya dawo daga kanti da sabon allon madannai, baƙi, mai fitilu ja da kore da shuɗi. Bai shiga gurbin ba. Ya ɗauko zarto ya faɗaɗa katakon. Ya wuce gona da iri, sai ya cike giɓin da siminti na gyaran tayil. Da ya ɗaga murfi ya sake ganin rubutun biron nan, ya yi tsaki.

"Dubi yadda wani ɗan banza ya ɓata kayan mutane."

Ya sa takardar goge katako ya kankare shi tas.

Sai fenti. Ya ce masu kuɗi ruwan zinariya suke so, ya sayo gwangwani biyu na fesawa. Ya ɗora akwatin a kan bulo a tsakar gida, daidai lokacin da iskar teku ta taso. Rabin fentin ne ya sami kwamfuta. Sauran ya haura katanga ya sauka a kan fararen zannuwan da Anti Saroj ta shanya don bikin 'yar ƙanwarta, da kan magenta mai suna Rani da ke barci a ƙarƙashinsu.

Ta fito da sandar murza fulawa.

"Ngubane! Fito nan, injiniyan ƙarya! Dubi zannuwana! Dubi Rani!"

"Anti, kwantar da hankalinki. Ado na ƙara musu. A kanti wannan sai kin biya."

"Zan yi maka ado a goshi!"

"In na karɓi kuɗina, kantin zannuwa zan saya miki gaba ɗaya. Magen ma zan saya miki wata, 'yar Ingila."

"Ka fara sayen hankali, in ana sayarwa!"

Tana cikin zage-zage wayarsa ta yi ƙara. MaZondi ce. Ya ɗauka da yatsu biyu don hannunsa duk fenti ne.

"Ba ka taɓa ta ba ko?"

"Ni? Ko kallonta ba na yi sosai."

"Muryar wa nake ji haka?"

"Anti ce, waƙar biki take koyo."

Ana jibi gwanjo ya kira walima. Ya ce babban mutum ba ya jiran kuɗi su shigo kafin ya yi murna. Ya sayo nama da tsiren hanji, aka tuƙa tuwon masara, maƙwabta suka cika tsakar gida, har Anti Saroj, wadda ta ce ta zo ne don ta ci kuɗin zannuwanta. Gawayi ya ƙi kamawa saboda damshi. Velaphi ya shiga gareji ya fito da tsohon kwalin nan da ɗan littafin, ya yayyaga ya cusa a ƙarƙashi. Nan da nan wuta ta tashi.

"Injiniya," na ce, "anya?"

"Gumede, ka taɓa ganin wanda ya sayi marsandi ya tambayi kwalinta?"

Kaset-kaset ɗin kuwa ya riga ya saurara, ya ce ba komai a ciki sai ƙara kamar ta kiran tsuntsu, don haka ya naɗi jawabinsa a kai, wanda mai saye zai ji tarihin gyaran daga bakin mai gyaran. Ya tsaya a kan akwatin lemo da cinyar kaza a hannu yana rabon alkawari. Gogo ba kwano za a yi mata ba, bene za a gina mata. Fasto zai sami sabuwar ƙararrawa. Ni za a saya min bas nawa na kaina. Shagon tayoyi kuwa, ranar Litinin zai je ya saye shi ya sa manaja tsaron sito.

Ranar gwanjo ya ɗauki hayar ƙaramar bas ya cika ta da mutanen layi, don a sami shaidu. Ya sa kwat ɗin aurensa da ta yi masa kaɗan. Kwamfuta na kan cinyarsa, lulluɓe da mayafin teburin MaZondi. Sai da ya sa direba ya zaga ta gaban shagon tayoyi ya yi oda, saboda haka muka makara.

Zauren wani tsohon sito ne kusa da tashar jiragen ruwa, cike da tsofaffin agogo da dardumai da littattafai. Mutane sun zo har daga Johannesburg. A gefe ga 'yan mata biyu da wayoyi a kunne, ɗaya tana magana da wani a Jamus, ɗaya da wani a Japan. MaZondi na layin gaba, ga Gogo kusa da ita da hular coci da lema a kan cinya. Mai gwanjo, wani dogon mutum mai gilashi, ya hango mu ya yi ajiyar zuciya.

"Mista Ngubane, mun ɗauka ba za ka zo ba. Kawo ma'aikatanmu su duba."

"Ba mai taɓa min kaya. Ni zan buɗe da hannuna."

Lokaci ya ƙure, mutane sun gaji da jira, sai mai gwanjo ya ƙyale shi. Ya haska tsohon hoton kwamfutar a bango, ya gaya wa jama'a cewa da hoton nan kaɗai masu waya sun riga sun kai tayi rabin miliyan. Gogo ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Ubangiji. MaZondi ta share ƙwalla. Velaphi ya hau dandamali ya ƙwace abin magana.

"Jama'a, wannan hoton da kuke gani tsohon yayi ne. In kun ba da rabin miliyan a kan datti, to ku gyara zama. Ni, Injiniya Velaphi Ngubane, na yi mata aiki."

Na ga Dokta Ramdin ya rufe ido.

Velaphi ya fizge mayafin.

Kowa ya zura ido. Abin yana ƙyalli kamar kofin gasar ƙwallo, ga siminti ya leƙo ta gefe, ga wani gashin mage manne a murfi. Gogo ta gyara tabarau ta leƙa.

"Wannan akwatin gawar wane ne? Ina kayan mijina?"

"Ita ce, Mama. Na raya ta."

Dokta ya taso a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ya ɗaga murfi.

"Ina sa hannun?"

"Na kankare. Ƙazanta ce."

"Madannan fa?"

"Birai ne suka... na sabunta su."

"Kwalin? Littafin?"

Velaphi ya gyara wuyan riga. Daga can baya Anti Saroj ta ɗaga murya: "Mun gasa nama da su, Dokta! Ya yi daɗi kuwa!"

Dariya ta ɓarke. 'Yan matan nan suka juya wayoyinsu suka nuna wa masu saye abin da ke kan tebur. Na Jamus ya kashe waya ko sallama babu. Na Japan aka ce ya tambaya ko wasa ake yi. MaZondi ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba, kallon mijinta kawai take yi.

"Bawan Allah," in ji Dokta, "wannan abu ya tsallake teku, ya tsallake gara da tsatsa da shekara arba'in da wani abu. Ƙurar nan da ka raina, ita ce shaidar ba wanda ya taɓa ta. Sabon abu mai ƙyalli ai yana kowane kanti. Abin da ba a iya ƙerawa kuma, shi ka goge."

Ya leƙa ciki da 'yar fitila, ya daɗe, sannan ya juya wajen Gogo. "Mama, allon wayoyin da ke cikinta yana nan, da alama bai kai gare shi ba. Zan ba da dubu arba'in saboda shi. Zai rufe miki ɗaki ɗaya ko biyu."

Gogo ta buɗe baki za ta ce ta karɓa.

"Dubu arba'in?" Velaphi ya daka tsawa. "Kun ga makircin? Haɗa baki suka yi! So suke su karya farashi don sun ga baƙar fata da kaya! Ba ku ga tana aiki ba ne. Ku tsaya!"

Ashe har kan wayar wutar ya canza, ya sa irin namu mai ƙafa uku. Ya ja ta ya nufi soket ɗin bango.

"Kada ka sa!" Dokta ya yi ihu. "Wutar Amurka rabin tamu ce!"

"Baban Zinhle!" in ji MaZondi.

"To ai sai ta fi gudu," in ji Velaphi, ya danna.

Fitilun madannan suka kama, ja da kore da shuɗi. Ya buɗe hannuwa ya juyo yana murmushi. "Kun gani?"

Sai tau! Kamar an fasa taya. Wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga cikin akwatin, fentin ya kama da wuta, fitilun zauren duka suka ɗauke. Ƙararrawar gobara ta fara kururuwa, sai ruwa ya ɓarke daga silin, a kan dardumai, a kan littattafai, a kan mutanen Johannesburg da kwat-kwat ɗinsu. Aka yi ta ture-ture. Mai gwanjo ya rungumi wani agogo yana gudu yana kiran sunan mahaifiyarsa. Matar Fasto ta faɗa cikin wata kujerar da aka riga aka sayar. Velaphi ya tuɓe kwat yana dukan wutar, kwat ɗin ma ta kama.

Mutum ɗaya ne bai jiƙe ba: Gogo. Ta buɗe lemarta ta zauna abinta har aka kashe ruwan. Sannan ta rufe ta, ta naɗe ta da kyau, ta tashi ta hau dandamali.

"Suruki, sunkuyo."

"Mama, bari in yi bayani, matsalar wayoyin ginin nan ce..."

"Sunkuyo na ce. Ba na kaiwa."

Ya sunkuya. Duk zauren muka tsaya muna ɗiga muna kallo, ba wanda ya raba, har sai da lemar ta lanƙwashe.

A bakin ƙofa Dokta ya tsaya kusa da shi yana matse hularsa. "Ka san me ka yi yau? Irinta ta ragu da ɗaya a duniya. Masu sauran sai su yi maka godiya."

A bas ɗin komawa ba mai magana, sai Anti Saroj da ke tambaya lokaci-lokaci ko yanzu za a biya ta kantin zannuwan ko sai gobe. Gogo ta yanke hukunci kafin mu iso gida: shi zai yi mata rufi, da albashinsa, amma ba da hannunsa ba. In ta gan shi da guduma a Eshowe, 'yan sanda za ta kira. Gidan gwanjo ma suka aiko da nasu lissafin kuɗin dardumai. Ranar Litinin Velaphi ya koma sito tun kafin a buɗe, ya gaishe da manaja har da rusunawa.

MaZondi ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki ƙonannen akwatin ta goge masa toka, ta shimfiɗa ƙyalle mai ado a kan kabad ɗin falo ta ɗora shi, kusa da hoton mahaifinta. Duk baƙon da ya shigo, in ta kawo shayi sai ta ce, "Baban Zinhle, yi wa baƙo bayanin aikin da ka yi."

Da farko sunkuyar da kai yake yi. Amma Velaphi Velaphi ne. Wata Lahadi Fasto ya zo da wani baƙo daga Pietermaritzburg, ina nan zaune, ta sake cewa ya yi bayani. Sai na ga ya gyara zama ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, abin da mutane ba su gane ba ke nan. Kaya irin wannan, ƙarancinsa ne kuɗinsa. Yau duk mai irinta, daga Jamus har Japan, kayansa sun ƙara tsada. Wa ya jawo? Ni. Babban masani ma da bakinsa ya ce su gode min. Daga Umbilo na ɗaga kasuwar duniya."

Baƙon ya kalli MaZondi, bai san ko dariya zai yi ba.

"Gaskiya ya faɗa," in ji ta, tana zuba masa madara. "Duniya duk ta ci riba da shi. Wadda ta aure shi ce kawai har yanzu take jira."